Tsara Dukiya Kafin Rasuwa: Tambayoyi da Amsoshi kan Wasiyya, Kyauta, Wakafi da Gado

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin dattawa da 'ya'yansu a kan yadda dukiya za ta koma hannun na baya. An gina amsoshin a kan fiƙihun Musulunci, an kuma nuna wuraren da Malikiyya ta keɓanta da hukunci. Abin da ya shafi kotu da banki da haraji kowace ƙasa da dokarta, don haka a nan sai an haɗa da lauyan ƙasar da dukiyar take.

Tunda Allah ya riga ya raba gado, me ya rage mini in tsara?

Kason kowane magaji kam an gama shi a ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i, ba ka da ikon ƙara wa wani ko rage wa wani. Sai dai ayoyin sun faɗi yadda za a raba abin da ka bari ne. Mene ne ainihin abin da ka bari, wannan kai kaɗai ka san shi. Rigimar gado ba kasafai take tashi a kan tumuni (ɗaya bisa takwas) ko sudusi (ɗaya bisa shida) ba. Inda take tashi shi ne a ranar rabo wani ya ce "gidan nan Baba ya ba ni tun yana da rai", ƙanin mamaci ya ce "rabin jarin nan nawa ne", uwargida ta ce "filin nan da kuɗina aka saya", ga shi wanda zai raba gardamar yana kabari.

Aikinka ke nan: ka bayyana abin da ka mallaka da abin da yake na wasu a hannunka, ka biya bashi ko ka rubuta shi, ka kammala kyautar da ka yi niyya, ka yi wasiyya cikin sulusi, ka naɗa wanda zai zartar. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi bin Umar cewa bai kamata Musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba.

Idan mutum ya rasu, me ake fara cirewa daga dukiyarsa?

Akwai jeri, kuma ba a tsallake shi. Da farko haƙƙin da ya rataya a kan wani kaya na musamman, kamar abin da aka ba da jingina. Sannan kuɗin jana'iza daidai gwargwado: likkafani, wanka, kabari. Sannan bashi, ko da zai cinye dukiyar duka. Sannan wasiyya daga sulusin abin da ya saura bayan bashi. Ragowar ita ce gado.

A ce dukiya ta kai 200, ko da wane irin kuɗi aka ƙiyasta ta. Jana'iza da bashi sun ci 20, saura 180. Iyakar wasiyya 60 ce, wato sulusin 180, ba sulusin 200 ba, kuma nan mutane suke yawan kuskure. In ya yi wasiyya da sulusin duka, 120 za a raba. Ya bar mata ɗaya, uwa, uba, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Mata tumuni, 15. Uwa sudusi, 20. Uba sudusi, 20. Saura 65 a kasa biyar, kowane kashi 13: kowane ɗa namiji 26, 'ya mace 13. Da matan aure huɗu ne, 15 ɗin nan za su raba a tsakaninsu.

Su wane ne ke cin gado ko ta halin ƙaƙa?

Mutum shida babu magajin da yake kore su: uba, uwa, ɗa, 'ya, miji, mata. Kasonsu yana iya raguwa, amma ba ya faɗuwa, sai in akwai abin da ke hana gado gaba ɗaya, kamar bambancin addini ko kashe wanda za a gada. Miji yana da rabi in matar ba ta bar ɗa ko jika ta wajen ɗa namiji ba, rubu'i in ta bari. Mata tana da rubu'i ko tumuni a kan wannan sharaɗi. 'Ya ɗaya tilo tana da rabi, biyu ko fiye suna da sulusi biyu in babu namiji tare da su. 'Yan'uwan mamaci kuwa ɗa namiji yana kore su, haka ma uba.

Wani lokaci kason yakan fi dukiyar yawa. Mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba: 3 da 16 da 4 da 4 cikin 24, jimla 27. Sai a raba dukiyar kashi 27, ragin ya shafi kowa daidai da rabonsa, tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Wannan shi ne aulu, a zamanin Sayyidina Umar aka fara hukunci da shi. Saboda irin wannan ne ba a so ka rubuta adadin kuɗin kowane magaji a wasiyya, domin ba ka san wanda zai riga wani ba.

Nawa zan iya yin wasiyya da shi, kuma ga wa?

Sulusi ne iyaka. Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya yi ciwo mai tsanani a Makka, a lokacin 'ya ɗaya gare shi, ya nemi izinin Annabi (SAW) ya ba da sulusi biyu na dukiyarsa, aka ce a'a. Ya ce rabi, aka ce a'a. Sai aka yarje masa sulusi, aka kuma ce sulusin ma yana da yawa, barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. Ibn Abbas ya so a ce mutane sun sauko zuwa rubu'i. Mai ƙaramar dukiya da yara ƙanana, abin da ya fi masa shi ne ya rage sosai.

Wasiyya tana zuwa ga wanda ba magaji ba: dangi matalauta da gado bai kai gare su ba, tsohon yaron gida, makaranta, asibiti, rijiya, har ɗan'uwan da ba Musulmi ba. Ranar rasuwa ake duba ko mutum magaji ne, ba ranar rubutu ba. Wanda ya yi wa ƙaninsa wasiyya yana da ɗa namiji, sai ɗan ya riga shi rasuwa har ƙanin ya zama magaji, wasiyyar ta zama ta magaji ke nan. Kana da ikon sauya wasiyya ko janye ta muddin kana raye da hankalinka.

Ɗana ɗaya ne yake ɗawainiya da ni. Zan iya yi masa wasiyya da gida?

Babu wasiyya ga magaji, hadisi ne da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. In ka rubuta, ba za ta zartu ba sai sauran magada sun amince bayan rasuwarka, kuma amincewar baligi mai hankali ce kawai take aiki, a kan kasonsa shi kaɗai. Babu mai yafe rabon ƙaramin yaro a madadinsa.

In ɗan nan ya kashe kuɗinsa a kanka da niyyar za a mayar masa, ko ya yi shekaru yana tafiyar maka da kasuwanci ba albashi, wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba. Ku zauna ku yi lissafi tun kana da lafiya, ka biya shi ko ka rubuta masa a matsayin bashi a gaban shaidu da sanin 'yan'uwansa. In kuwa ihsani kake so ka yi masa, duba amsoshi biyu da ke biye a kan kyauta.

Yaya kyauta take tabbata har ba za a mayar da ita cikin gado ba?

Da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai kyautar yana raye da lafiyarsa. Sayyidina Abubakar ya ba 'yarsa Nana A'isha wusuƙi 20 na dabino (wusuƙi wani babban ma'auni ne) daga gonarsa ta Gaba, ba ta je ta girbe ba har ciwon ajali ya kama shi. Ya ce mata da ta riga ta karɓa da ya zama nata, amma yanzu dukiyar magada ce. Imam Malik ya kawo wannan a Muwaɗɗa. In kyautar Abubakar ga A'isha ta koma gado saboda rashin hauzi, "ai kowa ya san Baba ya ba ni" ba za ta tsayar da kyautar kowa ba.

A aikace, hauzin gida shi ne a miƙa makulli da takardu, a sauya suna a inda hukuma take rajistar filaye, kuɗin haya ya koma shiga hannun wanda aka ba. Mota a sauya takardunta. Kuɗi a tura su asusunsa. A samu shaidu biyu da suka ga miƙawar da idonsu, a rubuta kwanan wata. Uba yana iya riƙe wa ƙaramin ɗansa abin da ya ba shi in ya kafa shaidu. Amma a Malikiyya, wanda ya ba da gidan da yake zaune a ciki, bai fita ya kwashe kayansa ba har ya rasu, kyautar ta ɓaci. Wannan yana rusa kyautar gidaje da yawa, musamman wadda miji ya yi wa matarsa da baki suna zaune tare.

Ko in raba wa 'ya'yana komai tun ina raye in huta?

Ya halatta, amma kyauta ce, hukuncin kyauta ne zai hau kanta. Na farko adalci. Bashir bin Sa'ad ya ba ɗansa Nu'uman kyauta, ya je neman Annabi (SAW) ya shaida. Da aka tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa haka ya ce a'a, sai aka ƙi shaidawa, aka ce masa ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. Mafi yawan malamai suna ganin a kyauta ana daidaita mace da namiji, Hanbaliyya suna ganin a bi tsarin gado. Kuɗin magani ko na karatu da buƙata ta sa aka kashe wa ɗa ɗaya ciyarwa ce, ba fifiko ba.

Shawararmu ita ce kada ka raba duka. Ba ka san shekarun da suka rage maka ba, kuma ƙarshen rayuwa shi ya fi cin kuɗin jinya. Dattijon da ya miƙa komai ya koma jiran abin da za a ba shi yakan ga sauyin fuska, ko a wajen 'ya'yan kirki, balle in ɗan da aka ba gidan ya riga shi rasuwa gidan ya faɗa hannun magadan ɗan. Ka riƙe muhallinka da abin da yake kawo maka kuɗin shiga. Ka tuna kuma za a iya haifa maka wani bayan rabon, kuma matarka da iyayenka suna da haƙƙi a gadon da kake shirin ƙarar da shi.

Mahaifinmu ya yi kyauta yana kwance a asibiti, bayan kwana kaɗan ya rasu. Ta inganta?

Kyautar da aka yi cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, ba ta zuwa ga magaji sai da yardar sauran. Ciwon ajali shi ne ciwo mai tsanani da aka saba mutuwa da irinsa, kuma mutuwar ta biyo baya. In ya warke, kyautar ta tabbata. Haka wanda ya saki matarsa cikin wannan ciwo, tana gadonsa. Sayyidina Usman ya ba matar Abdurrahman bin Auf gado a irin wannan hali, kuma a Malikiyya tana ci ko da idda ta ƙare.

Wane irin bashi ya kamata in rubuta?

Kowane iri, wanda ake bin ka da wanda kake bi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Waɗanda aka fi mantawa su ne ragowar sadaki, kuɗin da ka ara a hannun matarka, haƙƙin ma'aikata, ajiyar mutane, da gadon ƙannenka da ya zauna a hannunka tun rasuwar mahaifinku. Zakkar da ba a fitar ba da kaffara malamai sun saɓa a kansu: Shafi'iyya da Hanbaliyya suna cirewa daga asalin dukiya, Hanafiyya sai in ya yi wasiyya kuma daga sulusi. Ka fitar da abinka da hannunka, ka huta da saɓanin.

Zubairu bin Awwam, a ranar yaƙin Raƙumi, ya kira ɗansa Abdullahi ya damƙa masa zancen bashinsa. Da aka lissafa ya kai miliyan 2 da dubu 200, yawancinsa ajiyar mutane ce da ya mayar bashi a kansa don kada ta salwanta. Abdullahi ya sayar da filaye ya biya, sannan ya ƙi raba gado har sai da ya yi shekara 4 yana shela a lokacin Hajji cewa duk mai bin Zubairu ya zo. Buhari ya ruwaito labarin. Ba a ce kowa ya jira shekara 4 ba, amma a yi shela kafin rabo, domin karɓo kuɗi daga hannun magada bayan an raba abu ne mai wuya.

Ni mace ce, na sa kuɗina a ginin gidan mijina da kasuwancinsa. Yaya zan kare haƙƙina?

Dukiyarki taki ce, aure bai haɗe ta da tasa ba. Amma in takardu duka da sunansa suke, ranar rabo za a ɗauka nasa ne, ke kuma a nemi ki kawo hujja. Ku rubuta yanzu: nawa kika sa, rance ne ko tarayya, in tarayya ce kashi nawa cikin ɗari. Ya sa hannu, shaidu biyu su sa hannu, ki ajiye kwafi a wajen wani naki. Za a fara cire miki wannan a matsayin bashi ko mallaka, sannan ki ci tumuninki ko rubu'inki a ragowar. Haka 'yan'uwan da suke kasuwanci da jari ɗaya. Ke ma kina da wasiyyar da za ki yi a kan dukiyarki, duk abin da aka faɗa a wannan shafi ya shafe ki.

Ɗana ya rasu ya bar yara. Za su gaje ni? Agolana da yaron da na riƙa fa?

In kana da wani ɗa namiji a raye, yana kore jikokin nan, ba sa hawa matsayin mahaifinsu. Jikoki ta wajen 'ya mace kuwa ba sa cikin masu kaso ko asaba, wato masu cin ragowar gado, tun asali. Agola da ɗan riƙo su ma ba sa gado, komai daɗewarsu a gidan. Wasu ƙasashe sun sa doka a kan jikoki marayu: Masar ta wajabta musu wasiyya cikin sulusi a dokarta ta 1946, Pakistan kuma a 1961 ta ba su kason mahaifinsu. Inda babu irin wannan doka, kai ne za ka tuna da su. A ganinmu babu inda sulusi ya fi dacewa kamar nan. Ka ambaci sunayensu, ka faɗi kason, ka faɗi mai riƙe musu har su girma.

Mene ne bambancin wakafi da wasiyya?

Wakafi, wanda ake kira hubusi, shi ne a tsare asalin abu a yi sadaka da amfaninsa. Sayyidina Umar ya samu fili a Haibara, Annabi (SAW) ya ba shi wannan shawara, sai ya shar'anta ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado, kuma ya bar kulawar a hannun 'yarsa Hafsa a bayansa. In ka yi wakafi kana da lafiya kuma ya fita daga hannunka, iyakar sulusi ba ta shafe shi ba. In ka rataya shi da mutuwarka, ko ka yi shi cikin ciwon ajali, ya koma cikin sulusi.

Abin da ke kashe wakafi shi ne rashin kuɗin gyara da rashin magajin mai kula. Takardar ta faɗi iyakokin wurin, su wa za su amfana, kaso nawa na kuɗin shiga za a ware don gyara kafin a raba, wa zai kula, wa zai gaje shi, wa zai duba lissafinsa duk shekara. A yi masa rajista a hukumance. Wakafin da aka yi wa 'ya'ya maza aka cire mata, wasu malaman Malikiyya sun ɓata shi, wasu sun karhanta shi.

Wa zan naɗa wasiyyi?

Mai amana wanda kuma ya iya lissafi da zirga-zirgar ofis, domin amana kaɗai ba ta fitar da kuɗi daga banki. Zai fi kyau ya kasance ƙasa da kai a shekaru. Ka nemi yardarsa, ka ambaci na biyu ko da na farko ya gaza. Mace tana iya zama wasiyyiya. In akwai yara ƙanana, aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta tsara aikin: a riƙe musu, a gwada hankalinsu in sun balaga, a miƙa musu a gaban shaidu. Kason kowane yaro a ware shi daban, kada ya gauraya da jarin mai riƙo. Wakilcin da ka ba wani yana ƙarewa da rasuwarka, don haka wakili ba ya ci gaba da cire kuɗi da katinka bayan ka cika.

Me takardar za ta ƙunsa, kuma ina zan ajiye ta?

Takardu biyu ake so. Ta farko wasiyya: cikakken suna, kwanan wata, bayanin cewa ta soke duk wadda ta gabace ta, sunan wasiyyi, abin da aka bayar cikin sulusi da wanda aka ba, umarnin a raba saura bisa shari'a, sa hannunka da na shaidu biyu adalai waɗanda ba su da rabo a ciki. In shekaru sun ja sosai, takardar likita da ke nuna hankalinka garau a ranar tana toshe ƙofar gardama. Ta biyu jerin dukiya: kowane gida da fili da inda takardunsa suke, asusun banki, hannun jari, fansho, inshora, basussuka, ajiyar mutane, kyautar da aka riga aka miƙa. Wannan a sabunta ta duk shekara, wasiyyar kuma a sake duba ta bayan aure, saki, haihuwa ko rasuwa.

Lambobin sirri na waya da asusun intanet kada su shiga wasiyya, domin tana iya zuwa kotu mutane da yawa su karanta. A sa su a ambulan rufaffe, wasiyyi ya san inda yake. Kuɗin kirifto in makullinsu ya ɓace babu ofishin da zai dawo da su. Sunan da ka rubuta a fom ɗin banki a gurbin ɗan'uwa mafi kusa kuma bai mayar da mutumin mai kuɗin ba, yawanci banki sai ya ga takardar izini daga kotu kafin ya saki ko sisi.

Ina da dukiya a ƙasar da ba ta bin shari'ar Musulunci. Me zai faru da ita?

Gida da fili galibi dokar ƙasar da suke ce take hukunci a kansu. A Ingila, wanda ya rasu ba wasiyya dokar ƙasa ce za ta raba, kuma matar da aurenta bai cika sharuɗan dokar ba ba ta cikin masu gado. Wasiyya a can sai da shaidu biyu da suke wurin lokaci guda, shaidan da aka ba wani abu a ciki ya rasa shi, sabon aure kuma yana soke tsohuwar wasiyya. A Faransa doka ta keɓe wa 'ya'ya rabon da ba a taɓawa: rabi in ɗa ɗaya ne, sulusi biyu in biyu ne, uku bisa huɗu in uku ne ko fiye. A irin waɗannan wurare lauyan can ne zai rubuta, malami ya duba, a kuma tabbatar wasiyyar wata ƙasa ba ta soke ta wata ba.

Gida ɗaya ne kawai gadon. Za mu iya barinsa ba rabo?

Za ku iya in kowane baligi ya yarda da zuciya ɗaya, amma a fitar da kason kowa a rubuce tun yanzu, ko da ba a sayar ba. In aka bar shi shekara 20, wasu magadan za su rasu, kasonsu ya koma ga matansu da mazajensu da 'ya'yansu, gidan mutum 7 ya zama na mutum 40 da ba su san juna sosai ba. Duk magajin da ya nemi haƙƙinsa dole a ba shi: a sa masana biyu ko uku su yi wa gidan kuɗi, masu son riƙewa su biya shi, in ba su da hali a sayar a raba. A tambayi mata su kaɗai, ba a gaban yayyensu ba, domin shirun kunya ba yafewa ba ne. In matar mamaci tana da ciki, Malikiyya suna dakatar da rabon duka har ta haihu, kuma tana da haƙƙin zama a gidan mijinta har ta gama takaba.